Wa Zai Riƙa Juya Ovide?

Houma, Louisiana
7 ga Fabrairu, 1994

Yaya Earline,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya ke da sanyin ofis ɗinki na Houston. Mu ma muna nan yadda Allah ya ajiye mu.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, tunda rabon da mu yi magana tun ranar da aka binne Mama, shekara huɗu ke nan. Ba kewarki ce ta sa na ɗauki biro ba, kada ki ɗauka haka. Katin da kika aiko lokacin da Ovide yake asibiti ya iso, mai hoton furanni da addu'ar da kamfani ya buga. Na ga kin yi ƙoƙari kin sa hannu.

Wata goma sha huɗu ke nan da ƙarfen ya faɗo wa mijina a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa. Yana durƙushe yana walda, igiyar injin ɗaga kaya ta tsinke. Lakar wuya ta taɓu. Daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya jin komai, hannuwan suna ɗaguwa amma yatsun ba sa kamawa. Bakin ne kawai ya tsira, kin dai san shi.

Mun kai ƙarar kamfanin da ke da injin. Sai kamfanin inshorarsu ya turo mana wani mutum daga garinku, wai shi Dakta Hollis Renfro, ya zo ya tsara irin jinyar da Ovide zai buƙata har ƙarshen ransa. An ce irin aikinki ne. Minti arba'in ya yi a gidana. Na ba shi kujera, ya dube ta, ya ce ya fi son tsayuwa. Na zuba masa gumbo, miyar nan tamu ta kuɓewa, ya ce bai daɗe da cin abinci ba. Ya auna ƙofar banɗaki da tef. Duk tambayar da zai yi a kan Ovide ni yake yi wa, Ovide yana zaune a gabansa, har sai da ya ce masa, "Dakta, wuyana ne ya karye, kunnuwan suna aiki." Mutumin ya yi murmushi ya rubuta wani abu.

Daga minti arba'in ɗin nan ya haifo shafi sittin. Lauyanmu, Darrell Naquin, shi ma ya sa wata mata daga Baton Rouge ta rubuta namu, shafi tamanin. Na karanta duka biyun, ban ga mijina a ko ɗaya ba. Ga su nan na haɗo miki. Tunda da wannan sana'a kike cin abinci, ki gaya mini da bakin mutane abin da suke nufi. Idan akwai kuɗin dubawa, ki faɗa.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki,
Verna Falgout

Houston, Texas
19 ga Fabrairu, 1994

Zuwa ga Verna,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Ovide, na karɓi takardarki da rahotannin biyu. Ba na karɓar kuɗi a hannun 'yan uwa, ki riƙe baƙar maganarki. Sai dai don Allah ki riƙa buɗe rubutunki. Ya ƙanƙance kamar jerin tururuwa, da tabarau biyu na karanta.

Na fara da lauyanki. Na san fuskarsa, ita ce a kan allunan bakin hanya tun daga Lafayette, yana nuna mutane da yatsa. Duk lauyan da ya rataya fuskarsa kusa da tallan soyayyar kaza, ni ban ga abin da zai sa in ba shi wuyan mijina ba, amma kin riga kin zaɓa. Matar da ya ɗauko ta rubuta muku tafkin wanka na ruwan ɗumi a bayan gida, da sabuwar mota duk bayan shekara huɗu, da gadon da ko asibitinmu na da ba shi da irinsa. Kayan burgewa ne. Lauyan kamfani zai ɗaga maganar tafkin nan a gaban mutum goma sha biyun da za su yanke hukunci, masunta da direbobin mota, su yi dariya, daga nan duk sauran abin da ke cikin rahoton ya zama abin dariya. Mai jinya kuwa, awa shida ta sa a rana. Da ganin rahoton, ba ta taɓa canza wa babban mutum zanin gado yana kwance a kai ba.

Na Dakta Renfro ya fi wayo. Abu biyu ya yi. Na farko, ya ce Ovide ba zai wuce shekara goma sha ɗaya ba, domin duk shekarar da ya rage masa, kamfani ya huta da ita. Na biyu yana shafi na arba'in da ɗaya: mai jinya awa huɗu a rana, sauran awa ashirin "matarsa, mai shekara hamsin da ɗaya, lafiyayya, ta nuna a shirye take." Idan matar ta gaza, sai gidan jinya na gwamnati.

To wa ya ba shi wannan makamin? Ke. A bayan rahoton ya liƙa abin da kika faɗa ranar da lauyoyinsu suka zaunar da ke kika yi rantsuwa. An tambaye ki ko kina buƙatar taimako, kin ce, "Ni ban taɓa buƙatar kowa ba, ni na yi jinyar uwata shekara shida ni kaɗai." Na ji muryarki sarai a cikin takardar, har ɗaga haɓar da kika yi na gani. Kin shiga ɗakin shari'ar mijinki kin tsaya yi mini gori, ni da nake nisan mil ɗari uku. Wannan jimla ɗaya ta fi lauyoyinsu uku yi musu aiki.

Mutum irin Ovide ana juya shi duk bayan awa biyu, in ba haka ba gyambo ya ci shi har ƙashi. Ana sa masa robar fitsari sau biyar ko shida. Ana ɗaga shi, ana sauke shi. Wannan aikin mutum uku ne masu karɓa-karɓa. Wa ke yi yanzu? Ki ba ni amsa ta gaskiya, ba irin wadda kike ba matan coci ba.

Ki gaishe shi.
Yayarki,
Earline Prejean

Houma
1 ga Maris, 1994

Yaya,

Na gaishe ki. Takardarki ta iso, kuma na gode da darasi. Na manta yadda kike iya sa mutum ya ji kamar ya yi fitsarin kwance.

Kin tambayi wa ke yi. Wa kike zato? Fada Arceneaux? Yana zuwa ranar Alhamis ya ba Ovide jibin Ubangiji, ya sha kofi, ya tafi. Matan coci sun yi wata biyu suna kawo jan wake da shinkafa, da suka gama kallon abin da suka zo kalla sai ƙafa ta ɗauke. Abokan aikinsa sun zo wata Asabar sun kafa mana katakon gangara a bakin ƙofa, Allah ya saka musu, amma ba su iya haɗa ido da shi. Allah bai ba mu haihuwa ba. Saura wa? Ni ce, kuma ban kai wa kowa kuka ba.

Abin da na faɗa a gaban lauyoyin gaskiya ne, rantsuwa na yi. Shekara shida ina wanke Mama, kina aiko cek da ƙasidun gidajen tsofaffi masu hoton lambu. Ke nas ce, ni mai sayar da jatan lande a rumfa, amma ni na san nauyinta. Yanzu kina so in tsaya a gaban baƙi in ce na gaza, don a ƙara mini kuɗi? Ku a sana'arku haka ake yi, kowa ya faɗi abin da aka biya shi ya faɗa. Ni ba a saye ni ba.

Na karanta wa Ovide maganar shekara goma sha ɗayan. Ya ce in tambayi Dakta ko ya san ranar da watan, don ya shirya.

Wani abu ya tsaya mini a rai. Na sake duba takardarki, kin ce "na Dakta Renfro ya fi wayo," kin kuma je shafi na arba'in da ɗaya kai tsaye kamar mai shiga ɗakinta. Kin san mutumin nan ne?

Sai na ji daga gare ki.
Verna

Houston
12 ga Maris, 1994

Verna,

Gaisuwa da fatan alheri. Kin yi tambaya, ga amsa, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba.

Shekara tara na yi aiki a ofishin Hollis Renfro. Shi ya koya mini sana'ar, ko in ce ni na koya masa, domin shi ba likitan asibiti ba ne, digirin ilimin koyarwa gare shi, bai taɓa riƙe fo ɗin majinyaci ba. Yanzu ina da ofishina, amma kashi biyu cikin uku na aikin da nake samu ta hannunsa yake zuwa, da kamfanonin inshorar da ke jin maganarsa.

Jimlar nan ta shafi na arba'in da ɗaya ni na rubuta ta. A 1985 na tsara ta, a kan wata shari'a ta wani direban babbar mota a Beaumont. Ta yi aiki, sai ya mai da ita ta dindindin, ana canza shekarun matar kawai. Ban san gida nawa ta shiga ba. Ɗari uku, wataƙila fiye. Da na buɗe rahoton na gan ta da shekarunki a ciki, na tashi na je na wanke fuska, na dawo na ci gaba da karatu.

Kada ki jira in ce miki na yi nadama ta irin wadda kike so. Na yi shekara goma sha biyu a ɗakin masu karyewar laka kafin in bar asibiti, bayana ya lalace, aurena ya mutu, ba wanda ya aiko mini ko da jan wake. Na ga lauyoyi irin naki suna sa tafki da jirgin ruwa a cikin lissafin jinya, wani kuma dole ya zauna a ɗaya gefen ya ce a'a. Kuma jimlar ba ƙarya ba ce a ranar da ake rubuta ta. Matan ne da bakinsu suke cewa a shirye suke, kamar yadda kika ce. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in koma bayan shekara biyar in ga yadda suka ƙare.

Ba zan iya ba da shaida a shari'arku ba, ni yayarki ce, za a yi watsi da ita. Amma na san duk inda rahoton nan yake da rauni, tunda ni na gina shi. In kina so, ki faɗa.

Yayarki,
Earline

Houma
18 ga Maris, 1994

Misis Prejean,

Ina gaisuwa, kamar yadda aka koya mana a gida.

Ashe tun ina wanke Mama kike zaune kina rubuta wa kamfanoni cewa mata irina kyauta ne. Yanzu na gane abin da ya sa ba ki taɓa jin kunya ba, a wurinki haka tsarin yake. Ki maido mini da takarduna. Kada ki ƙara rubuto mini.

Verna Falgout

Houma
26 ga Afrilu, 1994

Ranki ya daɗe Malama Nas,

Surukinki ne Ovide, ina gaishe ki da kyau. Ki yi haƙuri da kurakurai. An ɗaura mini fensir a tafin hannu, da shi nake danna keken rubutu harafi ɗaya-ɗaya. Kwana huɗu na yi a kan takardar nan, duk lokacin da ƙanwarki ta tafi kanti ko ta shiga wanki. Fada zai jefa mini a gidan waya. Ba ta sani ba, in ta sani kuma sauran wuyan ma za ta karya.

Ku biyun nan kun ishe ni. Shekara ashirin da takwas ina tsakaninku, da ina da ƙafar guduwa, yanzu babu.

Ga abin da ba ta gaya miki ba. Hannunta na dama yana rawa. Ya fi shekara. Tana ɓoye shi a aljihun riga ko ƙarƙashin jaka, ranar da Daktan nan ya zo ma tawul ta riƙe har ya tafi. Ƙafar ma ta fara ja. A watan Nuwamba ta je wurin likita a Thibodaux ita kaɗai, na ga takardar a cikin littafin addu'arta da ta bari a kan gadona. Parkinson aka rubuta, cutar nan ta karkarwar jiki. Ba ta gaya wa lauya ba, ba ta gaya mini ba, ni ma ban nuna na gani ba.

Ranar Talatar makon Ista tana ɗauke ni daga keken guragu zuwa kujerar wanka, muka zube tare. Ta faɗi a ƙarƙashina. Kin san ni ba ƙaramin mutum ba ne. Daga ƙarfe tara na safe har mai kawo wasiƙu ya zo wajen sha biyu muna nan a ƙasa, ba ta iya zamewa, ni ba na iya matsawa. Ba ta yi kuka ba. Zagina ta yi ta yi, wai tun 1970 take ce mini in rage cin tsiran alade. Da mutumin ya ɗaga mu, ta sa shi ya rantse ba zai faɗa ba.

Yanzu kamfani ya kawo tayin sulhu, a kan lissafin Daktanku. Naquin ya ce in mun ƙi, shari'a za ta iya kai shekara biyu. Ni na yanke shawara zan karɓa, in sa a kai ni gidan jinya na gwamnati, kuɗin ya zama nata, don ita ma jinya tana jiranta. Na san gidan, na kai wa wani abokina ziyara a can, tun daga wurin ajiye mota ake jin warin. Ba komai, hancina ya saba da hayaƙin walda.

Abin da nake so ki gaya mini, ke da kika san lissafin: daidai na yi? Ki faɗa mini gaskiya, na ji an ce kin iya ta in babu mai biya.

Naki,
Ovide

Houston
2 ga Mayu, 1994

Verna,

Ina gaishe ki, kuma na san kin ce kada in rubuto. Ki karanta ki ƙona.

Na san maganar likitan Thibodaux, na san maganar banɗaki. Kada ki taɓa mutumin nan, ya fi mu hankali mu biyun. Yana shirin sa hannu a kai shi gidan gwamnati domin ke. Na yi aiki da gidajen nan. Mutum irinsa gyambo yake kama shi a wata na uku, ba ya kai shekara goma sha ɗayan ma.

Ni nas ce ta shekara talatin, na ga rubutunki ya ƙanƙance, alamar da ake koya wa ɗalibai a shekarar farko, sai na tsaya yi miki ba'a. Wannan nawa ne. Naki kuwa ya fi muni. Kin ɗauki taurin kai kin sa masa sunan ƙauna. Kina jin daɗin a ce Verna ita kaɗai take yi, kamar yadda kika ji daɗinsa a kan Mama. Sau uku na turo mai jinya a lokacin, sau uku kika kore ta, sannan kika zagaya gari kina cewa na watsar da uwata. Mama ta jure saboda ba ta da nauyi. Wannan karon za ki kashe mutum, ki kashe kanki, matan coci su yaba miki a maƙabarta.

Na rufe ofis na 'yan kwanaki. Ina zuwa ranar Asabar da agogo da littafi. Zan zauna in rubuta duk abin da ake yi wa Ovide, minti-minti, in ba wa matar Baton Rouge ta sa hannu bayan ta cire tafkinta. Ke kuma za ki gaya wa Naquin abin da likita ya ce. In ba ki gaya masa ba kafin in iso, ni zan gaya masa. In kin rufe ƙofa, zan kwana a mota a gaban gidanki, maƙwabta su samu abin faɗa.

Yayarki, ko kin so ko kin ƙi,
Earline

Houma
30 ga Yuni, 1994

Yaya,

Gaisuwa, da fatan kin koma lafiya. Kin bar silifas ɗinki da wani maganin ciwon baya, na ajiye.

Kin ce in rubuto miki yadda zaman sulhun ya kasance, ga shi, don kada ki ce na ci amanar kwana taran da kika yi kina bina da agogo kamar mai gadin fursuna. Har yau in na shiga banɗaki sai in ji kamar kina bayan ƙofa kina rubutawa.

A New Orleans aka yi, hawa na ashirin da biyu. Tebur ya fi falona tsawo. Lauyoyinsu uku, da wata mata daga inshora wadda ba ta ɗago kai daga takarda ba, da tsohon alƙali mai shiga tsakani, da Dakta Renfro, tsohon ubangidanki. Ya miƙo mini hannu yana cewa, "Misis Falgout, kin ƙara kyau." Na bar shi da hannunsa.

Babban lauyansu ya fara da karanta maganata ta ranar rantsuwa, a hankali, yana jin daɗinta. Ya ce, "Ke kika faɗi wannan?" Na ce ni ce. Ya ce, "To me ya canza?" Naquin ya buɗe baki, na ce masa ya yi shiru, ai ya sha magana a bakin hanya. Na ɗauke jakata daga cinya, na ɗora hannun a kan teburinsu. Kin san yadda yake yi in raina ya ɓaci. Zoben aurena ya yi ta ƙwanƙwasa gilashin, ba ka jin komai sai shi. Na ce, "Ranar nan ma haka yake, na zauna a kansa ne. Ƙarya na yi muku, ba don kuɗi ba, don kada irinku su tausaya mini." Matar inshorar ta ɗago kai a karon farko.

Sai Naquin ya raba musu lissafinki. Ban so in faɗa ba, amma ya yi aiki. Dakta ya rubuta cewa ɗauke Ovide daga keke zuwa gado minti biyar ne, mutum ɗaya ya isa. Ke kin rubuta minti ashirin da biyu, sau shida a rana, da ranaku da lokuta. Tsohon alƙalin ya tambaye shi inda ya samo minti biyar. Ya ce daga littattafan masana. Sai Ovide ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ni, ga doguwar kujera can. Dakta ya zo ya gwada, a duba agogo. In ya yi a minti biyar na sa hannu yanzu." Alƙalin ya juya ya dubi Dakta, ya ce, "To?" Mutumin ya gyara wuyan riga, ya ce shi ba aikinsa ba ne ɗaukar majinyata. Alƙalin ya ce, "Na lura." Yaya, da kin ga fuskarsa, kamar an jiƙa burodi.

Suka fita, suka dawo, suka sake fita. Wajen ƙarfe huɗu aka gama. Mai jinya dare da rana, a gida, har iyakar ransa, kuma ba a sa masa ranar mutuwa ba. Kuɗin ba a hannunmu zai zauna ba, wata-wata za a riƙa biya, kamar yadda kika nace. Za a faɗaɗa banɗaki, a kafa injin ɗaga shi. Babu tafki. Naquin ya kwashi kasonsa, yana ta gaya wa mutane a lif yadda ya murƙushe su.

A bakin lif ɗin Dakta ya matso kusa da ni, ya ce a hankali, "Na san salon rubutun nan. Ki gaishe mini da Earline." Ban san abin da hakan zai jawo miki ba, kuma ba ni na ce ki zo ba.

Kada ki ɗauka mun shirya. Maganar masu jinyar Mama da kika ce na kora, biyu ne, ba uku ba, kuma ɗayar ɓarauniya ce.

Ovide yana gaishe ki.
Verna

Houston
15 ga Agusta, 1994

Verna,

Bayan gaisuwa, na ji daɗin labarin, musamman na kujerar. Shekara tara ina jiran wani ya ce wa Renfro ya ɗaga ko da matashin kai.

Gaisuwar da ya aiko mini ta bakinki ta iso. Cikin sati uku kamfanoni huɗu suka janye ayyukansu, kowanne da takarda mai ladabi, wai suna sake duba tsarinsu. Ba wanda ya kira ni a waya, mutanen da na yi shekaru ina cin abincin rana da su. Na leƙa wurin lauyoyin masu ƙara, su kuma suna kallona kamar kuturwa, sun tuna abin da na yi wa shaidunsu a kotu. Ɗaya ya ce zai gwada ni in na yarda in riƙa "buɗe hannu" a lissafi. Na ce masa ya nemi matar Baton Rouge. Na sallami sakatariyata, ƙarshen wata zan mayar da mabuɗin ofis.

Ba don ki ji tausayi na faɗa ba, na san ba ki da shi a ajiye. Kina shan maganin a kan lokaci? Ki bar masu jinyar su yi aikinsu, kada ki tsaya a kansu. Kuma na Mama da kika kora uku ne.

Ki gaida Ovide.
Yayarki,
Earline

Houma
24 ga Agusta, 1994

Yaya,

Ina gaishe ki. Masu jinya biyar aka turo, na kori biyu, ɗaya ta kori kanta. Ovide ya ce in na ƙara korar wata zai kai ni ƙara.

Naquin ya ce a cikin yarjejeniyar akwai gurbin babbar nas da za ta riƙa zaɓar su tana duba aikinsu, kuma mu ke da ikon ɗauka. Na ce masa na san wata, ba ta da aikin yi, ba ta da hali, amma ta iya. Albashin bai kai abin da kika saba ba. Ɗakin baya babu na'urar sanyi.

In kina so, ki aiko takardunki kamar kowa. Ranar Litinin ƙarfe goma ake ganawa da masu nema, kuma ni ce mai yin tambayoyin.

Ƙanwarki,
Verna